“Ai Rubuta Masa Ake Yi”

Daren Alhamis ɗin da ta wuce ina zaune a fadarmu ta Zango, inda muke taruwa hira, an ɗora shayi na biyu, sai wani ƙanenmu ya haɗa wayarsa da ƴar sifika ya saki sabuwar waƙar wani yaro ɗan Kara-Kara. Rap ce da Hausa, a kan wahalar ruwa. Ba a kai rabinta ba hira ta mutu. Mai fifita gawayi ma ya tsaya da kwalin a hannu. A baiti na biyu yaron ya kawo mahaifiyarsa tana dawowa daga famfo da asuba da bokiti a ka, sai ya kama kalmar “wuya” ya juya ta sau uku: wuyan da ke ɗaukar kaya, wuyar da ake sha, da wuyar da aka ce ba ta kisa. Wani ya ce a maido. Aka maido.

Can sai wani daga bakin tabarma ya kurɓi shayinsa ya ce, “Ku daina wahalar da kanku. Ai ba shi ke rubutawa ba. Wani ɗalibin jami’a ke rubuta masa.”

Na ce, “Wane ɗalibi, abokina?”

Ya ce, “Haka dai ake faɗi.”

“Wa ya faɗa?”

“Kowa ya sani mana. Kai dubi yaron, ɗan kabu-kabu ne fa. Ko aji shida bai gama ba a lakwal.”

Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Cikin minti ɗaya waƙar da ta ɗaure mana baki ta koma abin taɓe baki, alhali ba wanda ya kawo suna, ko takarda, ko wata murya da aka naɗa. Sana’ar yaron da ajin da ya tsaya su kaɗai aka gabatar a matsayin shaidu, kuma aka yanke hukunci.

Ga inda na tsaya. Tambayar “wa ya rubuta?” tambaya ce mai nauyi a rap, ban kuma yarda da masu cewa ba komai ba ce. Amma yadda muke jefa ta a nan Damagaram, sau da yawa raini ke kawo ta, neman gaskiya na can baya. Duk wanda zai ce ana rubuta wa mutum, to ya zo da hujja. In ba shi da ita, ya buɗe kunne ya auna waƙar, domin akwai ma’auni, kuma mun gaje shi tun kafin rap ta san hanyar garin nan.

“Ai har a Amurka ana yi”

Ana yi, tun ma ranar farko. Waƙar da ta fara fitar da rap daga unguwannin New York zuwa gidajen rediyon duniya ita ce “Rapper’s Delight” ta Sugarhill Gang, a 1979. Ɗaya daga cikin mutum ukun da suka rera ta, Big Bank Hank, da baitocin wani ya shiga situdiyo, na Grandmaster Caz, gwanin unguwar Bronx. Ko sunan mai kayan bai cire ba. A cikin waƙar ana jin sa yana jero haruffan “Casanova Fly”, laƙabin Caz, kamar nasa ne. Waƙa ta zaga duniya, sunan Caz bai hau kan faifai ba, kuɗin kuma suka bi wata hanya.

Waƙar da ta fito da Eazy-E a 1987 Ice Cube ne ya rubuta ta, kuma rigimar rabon kuɗi ce ta raba Ice Cube da ƙungiyarsu ta N.W.A a 1989. Dr. Dre, wanda ba a ja da shi wajen haɗa kiɗa, sananne ne cewa wasu ke tsara masa baiti. “Still D.R.E.” ta 1999 aikin Jay-Z ce, sunansa na nan cikin jerin marubutanta.

Wadda matasanmu suka fi riƙewa ita ce ta Drake. A watan Yulin 2015 Meek Mill ya hau Twitter ya ce Drake ba ya rubuta waƙoƙinsa, sunan wani matashi daga Atlanta, Quentin Miller, ya fito. Ba da jimawa ba Funkmaster Flex na gidan rediyon Hot 97 ya saki muryar Miller yana rera baitocin da duniya ta riga ta sani a bakin Drake. Shi kuwa Miller ya fito ya ce shi ba marubucin ɓoye ba ne, aiki suka yi tare a kan waƙoƙi ƙalilan, kuma sunansa na rubuce a kansu. Mutane suka rabu biyu, har yau ba su haɗu ba.

To amma ku lura da abin da aka ajiye a gaban jama’a a can: ga sunan mutum, ga muryarsa, ga jerin marubuta. Kowa na iya sauraren biyun ya yanke wa kansa. Mu kuwa me muka ajiye? “Haka ake faɗi.” Don an taɓa kama ɓarawo a Kasuwar Dole, ba duk mai sabuwar riga za a bi da ihu ba.

Wani zai ce ruwa ba ya tsami banza. Na ji. Sai dai wani lokaci mai shelar cewa ya yi tsami, shi ne ya jefa tsamiyar a ciki.

“In ta yi daɗi, ina ruwanka da marubuci?”

Akwai wasu abokaina da ke ɗaya ɓangaren. Su a wurinsu waƙa waƙa ce, in ta motsa ka shi ke nan. Suna da misalai masu ƙarfi. A fina-finan Kano jarumi na motsa baki, murya ta wani ce, ba wanda ya ce an yaudare shi. Makahon da ke rera Imfiraji a ƙofar masallaci ba wanda ya ɗauka shi ne Aliyu Namangi na Zariya, kuma hakan bai hana a tsaya a saurara ba, har a yi ƙwalla.

Na yarda da duk wannan, amma rap ba a wannan layin take ba. Ta fi kusa da kirari. Ka je filin kokawa lokacin gasar takobi. Ɗan kokawa zai ɗaga hannu sama, ya faɗi sunansa, ya faɗi garinsu, ya lissafa waɗanda ya kai ƙasa. Abin da ke sa tsigar jiki ta tashi shi ne kowa ya san mai maganar nan shi zai shiga fage da ƙirjinsa, ba zai aiko ƙanensa ba. Haka ɗan rap. Rabin abin da yake faɗi “ni” ne: ni na gani, ni na sha, babu mai alƙalami irin nawa. In ya tabbata cewa baitin da ke cewa “babu mai alƙalami irin nawa” daga alƙalamin wani ya fito, to an sayar mana da ƙarya, kuma da kuɗinmu da lokacinmu muka saya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Don haka ni ban hana kowa rera abin da wani ya rubuta ba. Murya baiwa ce, riƙe fili baiwa ce, iya hawa kiɗa baiwa ce. Mutum ya ce shi mai nishaɗantarwa ne, mu tafa masa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ya ci kuɗin nishaɗi sannan ya dawo ya nemi kujerar gwanayen baiti. Dr. Dre bai rage daraja ba don Jay-Z ya tsara masa waƙa, sai dai in ana jera gwanayen alƙalami ba a fara kiran sunansa, kuma haka ya dace.

Hannu nawa ke cikin waƙa ɗaya?

Wata hujjar da ake yawan kawowa ita ce, “Ai an gan shi a situdiyo ana gyara masa.” Wanda ya taɓa zama a situdiyo na awa biyu ya san babu waƙar da ke fita ba a sa mata baki ba. Mai haɗa kiɗa zai ce layin nan ya yi tsawo, ka rage. Aboki zai ce kalmar can ba ta zauna ba, ga wata. Wani ya kawo amshi yana wasa, sai ya zama shi ne ƙashin bayan waƙar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Narambaɗa, Ɗanƙwairo, da Ɗan Alalo namu na Damagaram, babu wanda a cikinsu ya tsaya shi kaɗai a gaban sarki. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa, ƴan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu. Sanƙira na gefe yana jefo kirari, yana tuna wa jagora sunaye da asali. Duk da haka ba wanda ya taɓa cewa waƙar ba ta jagora ba ce, don kowa na ganin ƴan amshin da idonsa, ba a ɓoye su a bayan zaure ba.

A rubutacciyar waƙa ma haka. Malamanmu suna da tahamisi: mutum ya ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ya ƙara uku a kan kowane baiti su zama biyar. “Tabbat Haƙiƙa” hannu uku ne a cikinta: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsara ta da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma’u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Shekara kusan ɗari biyu ke nan, kuma har yau an san aikin kowa. Marubutan waƙa da yawa kan rufe da baitin da suke faɗin sunansu, wani har da garinsu da shekarar da ya gama. Kakanninmu sun san aikin haɗin gwiwa, sun kuma san a ba kowa sunansa.

Iyakar a wurina a nan take. Wanda ya canza maka kalma ko ya ba ka amshi, ya taimake ka. Wanda ya zauna ya tsara maka baiti sukutum, layi goma sha shida, ka hau ka ce “ni”, wannan marubuci ne, kuma ɓoye shi cin amana ne ta fuska biyu: an ci tasa, an ci ta mai sauraro.

Sai kuma ita kanta kalmar “rubutu” da ke ruɗa mu. Muna jin ta sai mu hango bik da takarda da mushe, wato malamin lakwal, a gaban allo. Aliyu Namangi makaho ne, a ka ya tsara Imfiraji, wasu suka sa a takarda. Shata ba da takardar lakwal ya zama Shata ba. A can Amurka ma an san Jay-Z da tsara baiti a ka ba tare da ya ɗauki alƙalami ba. To in haka ne, ajin da yaro ya tsaya me ya haɗa shi da iya sarrafa harshen da ya sha a nono?

Su wa ake zargi?

Ku zauna ku tuna duk waɗanda kuka taɓa jin an ce ana rubuta musu a garin nan. Ni dai ban taɓa jin an faɗa wa ɗan gidan wani babba da ya yi karatu a Yamai, yana zuba Faransanci kamar ruwa ba. Ko baitinsa ya fi kunun da aka tsinka laushi, ana ɗauka nasa ne. Zargin kan sauka ne a kan ɗan kabu-kabu, da yaron gareji, da ɗan ga-ruwa, musamman in aka ce daga Kara-Kara ya fito, unguwar da aka daɗe ana yi wa kallon ƙasƙanci tun zamanin da aka tsugunar da masu cutar kuturta a can. Ma’anar zargin a fili take: irin wannan yaro bai kamata a ce yana da irin wannan kai ba.

Mata kuwa tasu ta fi muni. Yarinya ba ta isa ta yi baiti mai kyau ba sai an ce saurayinta ne, ko mai situdiyo ne, kuma ana faɗin haka da wani murmushi da ke ɗauke da zargi na biyu. A ƙasar da mata ke ƙirƙirar waƙar daka da ta niƙa da ta gaɗa tun kaka da kakanni, a harshen da Nana Asma’u ta yi waƙa da shi, har yanzu muna mamakin mace ta iya jera magana.

Ranar Asabar na je na sami yaron a inda suke tsayawa da baburansu kusa da kasuwa. Na san yayansa, shi ya sa bai ɗauke ni baƙo ba. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya yi ɗan murmushi ya ce, “Yaya, ai na ji. Har wani fasinja ya taɓa faɗa min a bayan babur ɗina. Ana sa waƙar a wani shago muna wucewa, ya ce min yaron nan rubuta masa ake yi. Bai san ni ba ne.”

Na ce, “Me ka ce masa?”

Ya ce, “Na kai shi inda za shi, ya biya ni.”

Sai ya ɗaga kujerar babur ya ciro wani kaye, littafin rubutu, a cikin baƙar leda, bangonsa duk man inji. Da rubutun lakwal yake rubuta Hausarsa, irin ta Faransanci: “wouya” a maimakon wuya, “tchiki” a maimakon ciki. Shafin baitin nan na mahaifiyarsa ya fi kowane datti. Na ƙirga, sau bakwai ya sake layin farko, yana soke wani yana ɗora wani a sama. A gefen shafin ya jera kalmomi a tsaye, wuya, ƙarya, tsiya, hanya, ya soke uku ya zagaye ɗaya. A wayarsa kuma akwai muryoyin da ya naɗa yana gwada layukan, ana jin ƙarar babura da mai tallan ruwan sanyi a bayansa.

Ban ce kaye hujja ce da alƙali zai karɓa ba, mutum na iya kwafe abin wani. Amma mai kwafe tsaf yake kwafewa. Ba ya zama ya ƙirƙiro kuskure shida don ya kai ga daidai na bakwai.

Abin da kunne ke iya aunawa

Ba kowa zai je ya ɗaga kujerar babur ba, kuma ba dole ba ne. Waƙar da kanta tana ba da shaida in an san abin da ake saurare.

A fara da amsa-amo, don a nan aka fi yaudarar mu. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa amsa-amo ke da arha a harshenmu. Duniya, zuciya, gaskiya, tafiya, dariya: yaro ɗan shekara goma zai jera maka su har gobe. Wanda ya cika baiti da irin waɗannan, ko ya rataya “wa” a ƙarshen kowane layi, bai yi aikin komai ba tukuna, ko da kuwa da gudu yake faɗi har ba ka jin numfashinsa. Gwani shi ne mai haɗa gaɓa biyu ko uku su amsa wa juna, mai dasa amo a tsakiyar layi ya dawo ya ɗauke shi a layi na gaba. A Amurka ana yaba wa gwanin rap Rakim da yaɗa wannan salo tun wajen 1987. Mu kuwa marubutan ƙwar biyar sun daɗe da sanin amsa-amon ciki da na waje: ɗango huɗu na amsa wa juna, na biyar na riƙe da amon da zai bi waƙar har ƙarshe. Ɗan rap ɗin da ya taɓa zama ya saurari Aƙilu Aliyu ana gane shi.

Sai karin sauti da tsawon wasali, abin da Turanci da Faransanci ba su da shi kamar yadda muke da shi. Garin da ake zama da garin da ake tuƙawa harafi ɗaya ne a takarda, baki ne ke raba su. Kukan yaro daban, kukar miya daban. Raggo kan murɗe kalma don ta shiga kiɗa, ya ja wasalin da bai kamata ba, sai ka ji Hausar ta koma kamar ta baƙo. Gwani kuwa wannan wurin ne gonarsa, a nan yake samun magana mai harshen damo, irin abin da yaron nan ya yi da “wuya”.

Abin da na fi dogara da shi shi ne ido. “Talauci ya yi yawa, shugabanni ku ji tsoron Allah” magana ce ta gaskiya, amma kowa na iya faɗinta daga ko’ina, ba sai ya taka Damagaram ba. A waƙar yaron nan akwai layin da ya ce an ɗora dutse a kan jarka don ta riƙe wa mai ita layi, ita jarkar ta kwana a famfo, mai ita ya kwana da ido biyu. Wanda bai taɓa tashi ƙarfe uku na dare don ruwa ba, ba zai san dutsen nan ba. Irin wannan ƙaramin abu shi ne zanen yatsan marubuci. In ka bi waƙoƙin mutum biyar ko shida, na bana da na bara da na bariya, ka ga idon nan ɗaya ne, abin da ke damunsa ɗaya ne, yana dai ƙara nuna kamar ɗan itace, to da wuya a ce hannu daban-daban ne.

Harshe ma na tona asiri, sai dai a yi hattara. In ɗan Damagaram ya hau kiɗa yana ta naira da acaɓa, ya manta da jika da kabu-kabu, wannan rauni ne na kwaikwayon ƴan Kano, ba shaidar cewa wani ya rubuta masa ba. Haka mai tserewa zuwa Faransanci duk lokacin da amon Hausa ya ƙare masa. Cakuɗa harshe ado ne in ma’ana ce ta kira shi. In gudun aiki ne, kunne na ji.

Akwai kuma fili. A kashe muryar da ke cikin faifai, a bar kiɗa zalla, a miƙa masa makirfo. Wanda ya tsara baiti da bakinsa ya san inda zai ja numfashi, don da numfashinsa ya auna layin. In ya manta kalma yakan maye ta da wata nan take, domin ya san abin da yake son faɗi. Mai hadda kuwa in layi ɗaya ya kuɓuce masa, sauran duk sai su bi shi. Wannan ya sa nake jin haushin yadda wasanninmu da yawa suka koma sakin waƙa mawaƙi na bin ta da baki yana tsalle. Mu da kanmu muka rufe wurin da ya fi dacewa a gane gwani.

Abu guda da ba na karɓa shi ne a ce, “An ce ya yi ta nan-take ya kasa, ashe rubuta masa ake yi.” Waƙar nan-take baiwa ce daban. Akwai telan da zai yanka maka riga kana tsaye, akwai wanda sai ya kwana uku a kan aikin wuya ɗaya, kuma na biyun ne ake kai wa kayan sallah. Balle ma da yawa daga abin da ake kira nan-take a gidajen rediyo tsohon baiti ne da aka haddace aka ajiye don irin ranar.

Wanda ba a tambaya

Kada a ɗauka ina cewa babu marubutan ɓoye a garin nan. Akwai su. Na san wani ɗalibi da ya sayar da baiti uku a kan jika biyar lokacin da kuɗin haya ya kama shi. Waƙar ta yi tashe, an sa ta a bukukuwa, wanda ya rera ta ya samu abin da ya samu. Shi kuwa yana jin kalmominsa na fitowa daga shagunan caji, ba shi da bakin cewa nasa ne, don ba takarda, ba shaida, kuma ya ji kunyar a ce ya yi tsegumi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu yaɗa zancen “rubuta masa ake yi” ba su taɓa damuwa da irin wannan ɗalibi ba. Da shi ne a ransu, da sun nemo shi, sun faɗi sunansa, sun tsaya har a ba shi haƙƙinsa. Ba marubucin suke son ɗagawa ba, mawaƙin suke son saukewa. Shi ya sa a zancensu marubucin ba ya taɓa samun suna, kullum “wani ɗalibi” ne.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Muna da hukumar kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, BNDA, inda ake rajistar aiki da sunan masu shi. Kafin ma a kai can, hoton da ake liƙa wa waƙa a WhatsApp da YouTube da TikTok yana da filin da zai ɗauki layi uku: kiɗa wane, amshi wane, baiti wane. Masu situdiyo su mayar da shi al’ada, su tambaya kafin su saki aiki. Masu shirye-shiryen matasa a rediyo kuma, maimakon “yaushe za ka yi aure” da “wa kake yi wa habaici”, su riƙa ɗauko layi ɗaya su ce wa mawaƙi ya warware shi: me ya sa wannan kalma, me ka fara sawa kafin ita? Mai abu zai yi ta bayani har a katse shi. Wanda aka ba aro zai ce ilhama ce kawai.

Na faɗa wa yaron maganar sa sunaye. Ya ce amshin waƙar ruwan ma ba nasa ba ne shi kaɗai, wani abokinsa mai faci ne ya fara rera shi suna zaune, kuma a waƙa ta gaba zai sa sunansa. Yana tara kuɗin situdiyo, ya ce saura aikin kwana tara in babur bai ba shi matsala ba. Baiti biyu sun kammala. Na ukun ya tsaya masa tun makon jiya, yana neman kalmar da za ta zauna da “jarka” ba tare da ya murɗe ta ba, ya ce ya samu huɗu duk bai gamsu ba. Muna cikin haka wata mata da kwandon kayan miya ta kira shi, ya mayar da kayen cikin leda, ya rufe kujera, ya tada babur.